Murya da ganga a faifan Anar

A shekarar 2008 ne Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato, bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa: ganga daga na'ura, murya kuma an bi da ita ta Auto-Tune, manhajar da kamfanin Antares ya fitar a 1997 don gyara kuskuren mawaƙa. Waƙoƙin sun yaɗu daga salula zuwa salula kafin Sahel Sounds ya buga faifan a 2014.

Wasu na cewa na'ura ta ɓata muryar. Mu ba mu ga haka ba. Karkarwar da manhajar ke haifarwa idan murya ta zame daga wani amo zuwa wani ta dace da waƙar bege, ko da mai sauraro bai jin Tamajak.

Inda muke da ja shi ne kiɗan. Gangar kwamfuta ba ta sauraron kowa. Makaɗi na gaske yakan ɗan dakata idan mawaƙi ya ja numfashi, sa'an nan ya cim masa; a nan kuwa mawaƙin da gitarsa ne ke bin ganga tilas.