Yini Biyu da Dare Ɗaya

A ƙasar Turai silima iri biyu ce. Akwai ta manyan kamfanoni, wadda a ke zuba wa dukiya don a tara jama'a a ci riba. Akwai kuma ta masu zaman kansu, waɗanda jarinsu kaɗan ne, sai su kai wasanninsu wurin bukukuwan gasa da a ke yi kowace shekara a garin Kan na Faransa, da Benis ta Italiya, da Balin ta Jamus. Wasan da alƙalai suka yaba, shi ne ya kan sami kasuwa.

Cikin gwanayen wannan fage akwai waɗansu mutum biyu, wa da ƙane, Jean-Pierre da Luc Dardenne, mutanen Beljiyam. Sau biyu suna cin babbar lambar Kan, a 1999 da 2005. Yawancin wasanninsu a Seraing su ke shirya su, watau wani garin masana'antu inda suka tashi. A 2014 suka kai wa gasar Kan wani wasa wanda ma'anar sunansa ita ce Yini Biyu da Dare Ɗaya.

Ga yadda labarin ya ke. Wata mata mai suna Sandra, uwar 'ya'ya biyu, ta yi jinyar ciwon damuwa. Da ta warke za ta koma aiki, sai mai masana'anta ya sa abokan aikinta 16 su zaɓa, ko a bar ta a bakin aikinta, ko a sallame ta a ba kowannensu kyautar Yuro 1,000. Mutum 14 suka zaɓi kuɗi. Aka yarda a sake ƙuri'a ran Litinin, saboda haka ta kwashe Asabar da Lahadi tana bin su gida gida tana roƙo.

Ƙarfin wasan shi ne ba a mai da waɗanda suka ƙi ta miyagu ba. Wani kuɗin makarantar ɗiyarsa ya dame shi, wani sai ya haɗa da wani aikin ran hutu kafin gidansa ya ci abinci, wani kuwa da ganinta ya fashe da kuka don kunya. Magana ɗaya ta ke maimaitawa a kowace ƙofa, amsa kuwa kullum dabam. Ba a sa kiɗa don a motsa zuciyar mai kallo ba, sai wanda rediyon mota ta kawo. Da haka mutum zai gane da kansa cewa laifin na wanda ya haɗa talaka da talaka faɗa ne, ya koma gefe.

Amma fa wasan ba ya rasa aibi. Marion Cotillard, wadda ta fito a Sandra, ta yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai fuskarta sananniya ce a duniya, wani lokaci mai kallo ya kan manta da ma'aikaciya ya koma kallon gwana. Sa'an nan ƙuri'ar ƙarshe ta fito takwas da takwas daidai, har a kan ga hannun masu shiri a ciki. Akwai kuma abin dubawa: labarin masu neman na tuwo ne, amma masu hali da 'yan jarida su ne suka fara kallonsa a Kan.

Duk da haka ƙarshensa ya fanshe shi. Mai masana'anta ya ce zai mai da Sandra, amma a madadin wani ma'aikacin wucin gadi wanda za a ƙi sabunta wa takarda. Ta ƙi, domin abin da aka yi mata ke nan za ta yi wa wani. Ta fita ba aiki, amma da mutuncinta. Gaskiyar Hausawa da suka ce talauci ba ya kau da 'yanci.