Daga Mai Shirya Fim zuwa Mai Raba Kyauta: Gwamnatin Nepal da Fina-finan Ƙasarta

A fadar Sheetal Niwas da ke Kathmandu, inda ofishin shugaban ƙasar Nepal yake, ake tara 'yan fim a miƙa musu lambobin yabo na ƙasa. Shugaban ƙasa ne da kansa yake miƙawa, Hukumar Raya Fina-finai kuma ita ke shirya bikin. Wanda ya ga hotunan taron zai ɗauka gwamnati baƙuwa ce da aka gayyato ta sa albarka. Gaskiyar ita ce gwamnati ta riga 'yan fim ɗin shiga wannan sana'a, kuma ba za a fahimci kyautar ba sai an koma can baya.

Fim na farko cikin harshen Nepali, Satya Harishchandra, a Kolkata ta Indiya aka yi shi a 1951. Wanda aka fara yi a cikin ƙasar kuwa, Aama, wato Uwa, ya fito ne a 1964, kuma sashen watsa labarai na gwamnatin Sarki Mahendra ne ya shirya shi. An ɗauko Hira Singh Khatri daga masana'antar fim ta Bombay ya ba da umarni, Shiva Shankar da Bhuwan Chand suka fito a matsayin jarumai. Labarin wani soja ne da ya dawo gida daga aiki a ƙasar waje, ya zauna don ya yi wa ƙauyensu hidima. Shekara huɗu kafin nan sarkin ya rushe zaɓaɓɓiyar gwamnati, ya haramta jam'iyyu, sannan ya kafa tsarin da ake kira Panchayat. Yana bukatar abin da zai shigar da sabon tsarin cikin zukatan mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba, sai ya ga babu kamar majigi. Uwar da ke cikin sunan fim ɗin ƙasa ce, kuma kowa ya san haka. Khatri ya ƙara yi wa gwamnati wasu biyu a kan wannan layi, Hijo Aaja Bholi da Parivartan.

'Yan kasuwa sun gwada sa'arsu da Maitighar a 1966, har suka ɗauko Mala Sinha, jarumar da masu kallon fina-finan Indiya a nan ƙasar Hausa ba za su rasa sanin fuskarta ba. Amma gwamnati ba ta saki ragama ba. A 1971 ta kafa kamfanin fim na masarauta, wanda ya fitar da Mann Ko Bandh, daga baya kuma Kumari, fim mai launi na farko. A wancan zamani maganar kyautar gwamnati ba ta da wata ma'ana, domin mai kuɗin da mai kayan aikin da mai tacewa duk mutum ɗaya ne. Wa zai yaba wa wa?

Abin ya sauya ne bayan da masu zaman kansu suka nuna cewa fim na iya ciyar da mai shi. Kusume Rumal na Tulsi Ghimire, a 1985, ya cika gidajen silima. Da tsarin Panchayat ya faɗi a 1990 sai kasuwa ta buɗe, fina-finai suka yawaita, Rajesh Hamal ya zama jarumin da ake rububi. Gwamnati ta janye daga shirya fim, kamfaninta ya koma hannun 'yan kasuwa. A shekarar 2000 ta dawo ta wata ƙofa: ta kafa Hukumar Raya Fina-finai a ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai, kuma wannan hukuma ce ta fara ba da lambobin yabo na ƙasa a 2005.

Shekarar tana da nauyi. A watan Fabrairun 2005 Sarki Gyanendra ya karɓe mulki gaba ɗaya, yaƙin 'yan tawayen Mao da aka fara a 1996 yana kan ganiyarsa, gidajen silima da yawa sun rufe ko sun koma kallon rana saboda tsoro da dokar hana fita. A cikin wannan hali aka haifi kyautar. Shekara uku bayan haka, a watan Mayun 2008, aka soke sarautar kanta, kyautar kuma ta zama gadon jamhuriya. Hannun da ke miƙawa ya canza, amma ginin bai canza ba: gwamnatin da ke kan mulki ce ke naɗa shugaban hukumar, hukumar ce ke zaɓen alƙalai. A ƙasar da gwamnatoci ke faɗuwa akai-akai, wannan ya sa bikin ba ya da tsayayyen lokaci. Akwai shekarun da aka tsallake, sannan a zo a haɗa su a zama guda. Kyautar da ta iso bayan fim ya bar silima, mutane sun manta da shi, ba ta ƙara wa mai shi ko ɗan kallo ɗaya.

Duk da haka ba zan ce aikin banza ba ne, kuma dalilina shi ne Dayahang Rai. Shekaru da dama jarumin fim ɗin Nepali kamanninsa ɗaya ne: dogo, mai dogon hanci, daga manyan dangogin Bahun da Chhetri, an gina shi a kan samfurin jaruman Bombay. 'Yan ƙabilun tsaunuka ba sa samun komai sai matsayin mai ban dariya, ko bawan gida, ko soja. Dayahang ɗan ƙabilar Rai ne daga gundumar Bhojpur a gabashin ƙasar, ta dandalin wasan kwaikwayo ya shigo fim. Ya karɓi lambar ƙasa sau uku: ta mataimakin jarumi da Dasdhunga, sannan ta gwarzon jarumi da Sambodhan da kuma Kabaddi Kabaddi. Masu kallo ne suka fara karɓarsa, musamman bayan Loot na 2012, wannan gaskiya ne. Amma ranar da hukumar ƙasa ta ce wannan fuskar ita ce gwarzon shekara, ta rushe wani abu da ita gwamnatin ce ta taimaka aka gina tun zamanin Mahendra, lokacin da manufar hukuma ita ce harshe ɗaya da sutura ɗaya ga ƙasa ɗaya. Kyautar wani kamfani ko wata mujalla ba za ta iya yin wannan ba, don ba ita ta ɗaura ba balle ta kwance.

Shi kansa Dasdhunga abin tsayawa ne a kai. Manoj Pandit ya yi shi a kan mutuwar Madan Bhandari, jagoran 'yan kwaminis da motarsa ta faɗa kogi a 1993, mutuwar da har yau 'yan ƙasar ke tantama a kanta. Matar marigayin, Bidya Devi Bhandari, ita ce ta zama shugabar ƙasa a 2015, ta shafe shekaru a kujerar da ake miƙa waɗannan lambobi daga kanta. Shi dai Manoj Pandit, da ya yi Badhshala a kan azabtar da tsararru a barikin soja lokacin yaƙi, sai aka tare fim ɗin bayan rundunar soja ta nuna rashin yarda, bai fito ba sai da aka sha jayayya. Hukumar tacewa da hukumar kyauta duk a ma'aikata ɗaya suke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ne abin da nake tsorata wa matashin darakta da ke hangen Sheetal Niwas: tun yana rubuta labari zai fara auna abin da zai ɓata wa masu gida rai.

Sai babbar magana, wato harshe. Ƙidayar 2011 ta lissafa harsuna 123 a Nepal, kuma waɗanda Nepali ne harshensu na uwa ba su kai rabin jama'a ba. Tsarin mulkin 2015 ya ce duk harsunan uwa da ake magana da su a ƙasar harsunan ƙasa ne. Ana yin fim da Maithili da Bhojpuri da Tamang da Gurung. 'Yan Newar na kwarin Kathmandu sun yi Silu da harshensu tun 1987. Abin lura kuma, fina-finan da suka fi kai sunan Nepal nesa daga gefen ƙasa suka fito. Himalaya na 1999, wanda ya kai ga jerin ƙarshe na Oscar, da harshen mutanen Dolpo aka yi shi. Min Bahadur Bham, wanda Kalo Pothi nasa ya ci kyauta a Venice a 2015, ya kai Shambhala babbar gasar Berlin a 2024, karo na farko ga fim ɗin Nepal, kuma yawancin maganar da ke ciki da harshen mutanen tsaunukan iyakar Tibet ne. Amma a Kathmandu, idan aka ce fim ɗin ƙasa, abin da ke zuwa zuciya har yanzu shi ne fim mai harshen Nepali. Maƙwabciyarsu Indiya, da ta fara tata kyautar a 1954, tana ware lamba ga gwarzon fim na kowane babban harshe, kuma fim ɗin Bengali ko Malayalam na iya ɗaukar babbar lambar gaba ɗaya.

A ganina abu uku ne suka rage wa hukumar. Ta tsayar da rana ɗaya a shekara wadda sauyin minista ba zai taɓa ba. Ta bar zaɓen alƙalai a hannun masu sana'ar da masu nazarinta, ta kuma bayyana dalilan hukuncinsu a fili. Sannan fim ɗin Maithili ko na Tamang ya tsaya takarar babbar lamba kafaɗa da kafaɗa da na Nepali, a auna shi da ma'auni ɗaya. Har sai an yi haka, lambar Sheetal Niwas ta gwamnati ce fiye da yadda take ta ƙasa.