Awon Karatun Yara da Agogo: Sharhi daga Azuzuwan Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara kwalejojin horon malamai na Kano sukan tura ɗalibansu makarantun firamare domin su koyi aiki a gaban allo. Daga cikin abubuwan da kan ɗaure wa irin wannan ɗalibi kai akwai tambaya guda: ta yaya zai tabbata yaro ɗan aji biyu ya iya karatu? Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ma'aunin da ya yi tashe wajen amsa tambayar, watau wanda ake kira EGRA, ta kuma gwada shi da irin yaran da sabon malami zai taras a Fagge da Sabon Gari.

2.0 Asalin ma'aunin da amfaninsa

Cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka ce ta tsara ma'aunin a 1906+100, watau shekarar 2006, da tallafin hukumar USAID da Bankin Duniya. An yi amfani da shi da Hausa a jihohin Bauci da Sakkwato a 2011, sannan a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina a 2014. Yadda ake yi shi ne a keɓe yaro shi kaɗai, a ba shi jerin haruffa ya faɗi sautinsu, da ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, da ɗan gajeren labari, kowanne cikin minti guda. Daga nan a yi masa tambayoyi a kan labarin. Mai awo yana riƙe da agogo, yana soke duk inda aka yi kuskure.

Ba a raina alherin wannan tsari ba. Tun da daɗewa hadda take shiga rigar karatu a azuzuwan ƙasar Hausa. Malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, har yaro ya iya rera shafi sukutum alhali bai san inda kalma ta fara ba. Da aka keɓe yara ɗaya-ɗaya sai asiri ya tonu, domin a Bauci da Sakkwato mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma guda ta labarin ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ya kamata duk mai koyon malanta ya fara haɗiye ta. Sai dai gano cewa akwai ciwo daban, sanin irin ciwon daban.

3.0 Inda ma'aunin ya gaza

3.1 Halin rubutun Hausa

Tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 har zuwa yau, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Alal misali, a dubi waɗannan jimloli: "Gari ya waye" da "Gari ya ƙare". Kalmar farko iri ɗaya ce a ido, amma a baki ta farko gajeren wasali gare ta, ta biyu kuwa, garin tuwo, dogo. Mai karatu ba zai san wadda ake nufi ba sai ya leƙa ƙarshen jimla. Haka abin yake ga "wuya" da "kuka" da "dawa", da kuma ƙananan kalmomi irin su "ya" da "ta" waɗanda ba a rasa su a kowane layi.

Ke nan yaron da ya faɗi kalma, ya tsaya, ya koma baya ya gyara ta, shi ne yake karatu na haƙiƙa, domin ma'ana yake bi. Ko an karɓi gyaransa, lokaci ya riga ya tafi. Wanda ya yi ta zuba sauti babu tunani zai iya fin sa yawan kalmomi a minti. Agogo ba ya rarrabe tsayawar mai tunani da tsayawar wanda ya kakare.

3.2 Yaran Sabon Gari

An kafa Sabon Gari wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano, domin baƙi daga Kudu da sauran wurare. Har yanzu akwai yara da yawa a can waɗanda Ibo ko Yarabanci ne harshen gidansu, Hausa kuwa a layi da kasuwa suka tsince ta. Irin wannan yaro yakan ce "kafa" a maimakon "ƙafa", "daki" a maimakon "ɗaki". In ya karanta haka, kuskuren karatu ya yi ko kuwa harshensa ne bai lanƙwasa ba? Idan an ce ya nuna ƙafarsa ya nuna, to ya karanta. Wanda bai ƙware ba sai ya soke masa kalmar.

Akwai kuma akasin haka. Yaron da ya fara boko da Turanci yana iya haɗa baƙaƙen Hausa da wasulanta cikin sauri, tun da rubutun ba shi da wuyar furtawa, amma a tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa ya yi shiru. Wannan ba haruffa yake bukata ba, kalmomi yake bukata.

3.3 Yaran Fagge

Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwa, kuma makarantar allo da Islamiyya sun kafu a cikinta. Yaro da yawa yakan zo aji ɗaya ya riga ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru. Ma'ana, ya san cewa alama tana wakiltar sauti, ya san baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa. Abin da bai sani ba shi ne surar haruffan boko da farawa daga hagu. A takardar awo yana iya samun sifili daidai da wanda bai taɓa riƙe allo ba. Amma sifilin biyu ba ɗaya ba ne: na farko gada yake nema tsakanin rubutu biyu, na biyu tushe za a aza masa.

4.0 Kammalawa

An tsara EGRA ne domin hukuma ta san halin da makarantu suke ciki gaba ɗaya, ba domin a yanke wa yaro guda hukunci ba. Hatsarin shi ne sabon malami ya ɗauki adadin kalmomi a minti ya maƙala wa yaro sunan daƙiƙi, ya mai da shi bencin baya, sunan kuma ya bi shi har ya bar makaranta. Ɗan Kantin Kwari ba ya auna atamfa da mudu.

Saboda haka ya kamata kwalejoji su koya wa ɗalibansu abubuwa uku tare da riƙon agogo. Na ɗaya, su tambayi harshen gidan yaro da irin karatun da ya taɓa yi kafin a buɗe takarda. Na biyu, su rubuta ainihin abin da yaro ya furta, ba soke kawai ba, domin a cikin kuskuren ake gane maganin. Na uku, su bar yaro ya sake karanta labarin babu agogo, ya kuma faɗe shi da bakinsa. Wanda ya yi haka zai koma kwaleji da sanin abin da zai koyar ranar Litinin, ba da jerin lambobi kaɗai ba.