Kwamfuta Kafin Alli da Littafi

A shekarar 2005 wani shaihun malami na jami'ar MIT ta Amurka, mai suna Nicholas Negroponte, ya fito da wata shawara wadda ta ƙayatar da hukumomi da yawa. Ya ce a ƙera ƙaramar kwamfuta mai araha, ta dala 100, a ba kowane yaro na ƙasashen matalauta tasa, ya riƙa koyon ilmi da kansa. Niyyarsa kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da fari dai kuɗin bai tsaya a dala 100 ba, ya kusa ninkawa. Duk da haka ƙasashe suka shiga saye, har a Nijeriya aka gwada a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta Amurka ta Kudu ita ta saki jiki sosai, ta sayi fiye da 800,000. Bayan haka masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka jarraba yaran makarantun ƙauye 319, suka bayyana sakamako a 2012. Yaran sun iya sarrafa na'urar, basirarsu ta warware wasu matsaloli ta ɗan ƙaru, amma a Lissafi da karatun harshensu ba su fi waɗanda ba a ba ba.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. An kai na'ura ƙauyuka inda malami bai sami isasshen horo a kanta ba, in ta lalace kuwa babu mai gyara. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ko an ajiye masa ɗakin littattafai a cinya, kallo kurum zai yi. Sa'an nan kuɗin ilmi tukunya ɗaya ce. Abin da aka kwasa domin kwamfuta, daga rabon Lissafi da Tarihi da Aikin Gona da albashin malamai aka rage shi. Kwamfuta kuma tana tsufa cikin 'yan shekaru, tana bukatar wuta kullum, alhali malamin da aka horar zai yi shekara talatin yana amfanin jama'a.

To, kada mai karatu ya ɗauka ana ƙin kwamfuta ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kan kwamfuta, watau ɗalibin da bai taɓa dafa ta ba an cuce shi. Abin da ya kamata shi ne a bi tsari. A firamare a fara da malami mai albashi a kan kari, da rufin da ba ya yoyo, da littafi a hannun kowane yaro. A sakandare a gina ɗaki guda na kwamfuta mai wutar hasken rana, aji-aji su riƙa shiga bi da bi.

Saboda haka duk uban da ya ji an ce za a raba kwamfuta a makarantar ɗansa, ya kyautu ya tambayi hedimasta malaman Lissafi nawa gare su, kuma yara nawa ke tarayya a littafi guda. Abin da ya sami Peru ya isa wa'azi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.