Kalmar Victimisation da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

A watan Mayu na 2021 Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, a ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta shiga yajin aikin gargaɗi a Kaduna saboda sallamar ma'aikata da gwamnatin jihar ta yi. An ɗauke wutar lantarki, jirage sun tsaya, kana aka janye yajin bayan kwana 3. Kamar yadda aka saba a irin wannan sulhu, yarjejeniyar da ta biyo baya ta ƙunshi sharaɗin hana abin da Turanci ke kira victimisation. Wannan maƙala tana duban yadda ake isar da wannan sharaɗi ga ma'aikacin da ke zaune a tsohuwar unguwa irin Abakpa, wanda da Hausa yake jin labaransa a rediyo.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda victima ke nufin dabbar da ake yankawa domin hadaya. Daga nan Turanci ya sami sunan victim, sa'an nan a ƙarni na 19 ya ƙera aikatau victimise. Ma'anoninta uku ne. Ta farko ita ce cutar da mutum ko damfarar sa. Ta biyu ita ce ware mutum ɗaya daga cikin jama'a a musguna masa. Ta uku, wadda ta kafu a harshen shari'a da ƙwadago, ita ce hukunta mutum domin ya kai ƙara, ko ya ba da shaida, ko ya shiga yajin aiki. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ma, a sashe na 27, a kan irin wannan ma'ana ta tsaya.

Mafassara da dama sukan wadatu da "zalunci". Wannan kalma, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta yi faɗi ƙwarai, domin ta haɗa ƙwace da danniya da tauye mudu. Ta dace da ma'ana ta farko, amma ta kasa ɗaukar ta uku. Idan aka ce "ba za a zalunci kowa ba", alkawari ne da kowane shugaba zai iya ɗauka ba tare da ya ɗaure kansa ba. Alal misali, malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abakpa zuwa wani ƙauye mai nisa, mako guda bayan yaji, ba zai iya nuna zalunci a takarda ba, tun da canjin wuri yana cikin ƙa'ida. Abin da sharaɗin ya haramta shi ne dalilin canjin.

"Tsangwama" da "musgunawa" sun fi kusa, sai dai ba su nuna cewa wani abu ya gabata wanda ake ramawa. "Ramuwar gayya" kuwa tana nuna cewa ma'aikacin ne ya fara laifi, alhali haƙƙinsa ya nema. Wadda ta fi cancanta ita ce "bi-ta-da-ƙulli". Harɗaɗɗen suna ne mai tushen aikatau, kuma a cikin "bi" akwai niyya, da nacewa, da ware mutum guda. Rauninta shi ne 'yan siyasa sun yawaita jingina ta ga kowane binciken da aka yi musu, har kaifinta ya fara dushewa.

Saboda haka ya kamata mafassari ya ɗaure ta da dalilinta, ya ce: ba za a yi wa kowa bi-ta-da-ƙulli ba saboda ya shiga yajin aiki. Jimlar ta fi tsawo, amma da ita ce ma'aikaci zai gane abin da aka yi masa alkawari, ya kuma san ranar da aka karya shi.