Koton Gashi a Kogin Faro: Abin da Kyamara Ta Gani da Wanda Ta Tsallake

Kwanan baya wani mai sauraronmu ya turo mini wasu faifan bidiyo na YouTube, ya ce in kalla in gaya masa ko su ne wannan ko wasa. Na kwana ina kallo. Baƙi ne daga Turai da Afirka ta Kudu suke zuwa kogin Faro da rani, daura da gandun dajin da aka mayar na ƙasa a 1980, suna fatsar giwan ruwa da tsage. Ba tana a ƙugiyarsu, ba ƙaramin kifi. Gashin tsuntsu da na dabba da zare mai ƙyalli suke ɗaurawa har ya yi kama da ɗan kifi. Su dai "ƙuda" suke kiran abin, ko da tsawonsa ya kai tafin hannu.

Gaskiya in faɗa, wurin da suke bayanin zaɓen koto ya burge ni. Giwan ruwa da dare yake farauta, don haka sai su ɗauko baƙin gashi mai ƙaton kai. Dalilinsu mai kyau ne. Kifin daga ƙasa yake hangowa, baƙin abu kuwa ya fi fita a jikin hasken sama, sannan ƙaton kan yana tura ruwa, kifi ya ji motsin ta layin nan da ke gefen jikinsa tun bai gani ba. Da rana, in tsage ake nema, sai a koma siririn koto mai walƙiya da ake ja da sauri, a sa guntuwar waya gaban ƙugiya saboda haƙoransa na yanke zare kamar reza. Dabarar dare ma gadonsu ce. A Ingila akwai wani kifi mai shigowa koguna daga teku wanda da duhu ake kama shi, Hugh Falkus ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1962. Wannan tarbiyyar ce suka ɗauko suka kawo mana Arewacin Kamaru.

Inda na fara ɓata rai shi ne yadda ake ba da labarin. Mai kallo zai ɗauka ba a taɓa jefa ƙugiya a ruwan nan ba sai da jirginsu ya sauka Garwa. Dorina ta samu hoto, kada ya samu, faɗuwar rana kuwa har ta ishe ni. Ɗan ƙasa in ya bayyana, kaya yake ɗauke da su ko yana haska tocila, ba wanda ya miƙa masa makirufo. Ni da aikina ke nan, tambayar mutane, abin ya tsaya mini a rai.

Na kai wayar gindin gadar Binuwai na nuna wa wani dattijon masunci. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi ma ba ya ba giwan ruwa mataccen koto, ƙaramar karfasa mai rai yake sa masa a bakin gurbi mai duwatsu bayan magariba, don motsi ne ke kiransa. Abin da baƙon ya ɗinka da gashi ke nan, shi kuwa wannan bawan Allah a kwalekwalen mahaifinsa ya koya. Da an haɗa su biyu a faifai ɗaya, da an samu abin kallo na gaske.

Sakin kifin ne kawai ya sa shi dariya. A kama giwan ruwan da zai ciyar da gida guda, a ɗauki hoto, a mayar! Ni ma na dara, amma a nan ban bi bayansa ba. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 masunta suka yi ta kwarara can, daga Arewa Mai Nisa, daga Najeriya, daga Cadi har Mali. Yau duk mai sayen gasasshen kifi a Yelwa ya san manya sun yi wuya, raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan tun ba su girma ba. Manyan giwan ruwa kuwa yawanci mata ne, su ke zuba ƙwai. Faifan suna da hujja mai ƙarfi a hannu, sai dai da Turanci suke faɗa wa junansu, babu Hausa, babu Fulatanci, ko fassarar Faransanci ban gani ba a waɗanda aka turo mini. Dattijon ya miƙo mini wayata ya tambaye ni nawa ake sayar da ƙugiyar gashin, don yana so ya gwada ta a bakin Lagdo in ruwa ya ja baya.