Butana da Damina: Zangon da Raƙumi Ne Babban Baƙo

Duk mai dabba a Hawata ya san abin da watan Yuli ke zuwa da shi. Kogin Rahad da ya kwashe rani yana kwance tafki-tafki sai ya taso daga tsaunukan Habasha ya cika ya batse. Baƙar ƙasar nan tamu ta jiƙe ta koma taɓo mai zare wa mutum takalmi. Manoma su zuba dawa da riɗi a kowace kusurwa, har a rasa inda akuya za ta sa baki ba a kai ƙara ba. Sannan bobuwa ta fito, ta bi raƙuma da cizo, ta bar musu sammoren da makiyaya ke kira jufar. Daga nan kuma ba wata shawara sai arewa. Ni kuwa tun da na ɗanɗana wannan tafiya ta arewa nake damun mutane da labarinta, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a bakin kasuwar kifi. Ina faɗa ina ƙarawa, ban san wani masauki a bayan ƙasa da ya kai Butana da damina ga mutumin da ke tafe da dabbarsa ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Butana ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta Sudan da ke tsakanin Shuɗin Nilu da babban Nilu da kogin Atbara. Daga Hawata za ka bi gaɓar Rahad ta Mafaza har Fao, ka tsallaka kwaltar da ta haɗa Madani da Gadarif, ka miƙe arewa. Gonakin tarakta za su raka ka na wani lokaci, sannan su gaji su bar ka. Ruwan sama yana raguwa da kowane zango: a nan kudu muna samun abin da ya haura milimita 600 a shekara, can ƙuryar arewa kuwa da ƙyar a haɗa 100. Da rani wurin fako ne da guguwa, ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ratsa. Amma bari ruwa ya sauka sau biyu ko uku! Ƙasar nan sai ta fito da kore tun daga ƙafarka har inda sama ta taɓa ƙasa, babu shinge, babu kunya, babu mai gadi. Duwatsu jefi-jefi ne kawai ke tsaye suna nuna hanya. Wallahi ranar farko sai ka ji ƙirjinka ya buɗe.

Na ji labarin yadda ake irin wannan fita a Amurka. A jihar Arizona akwai wani ƙaramin gari, Quartzsite, inda dubban mutane ke kwarara duk hunturu da motoci masu ɗaki da kicin a ciki, su kafa zango a sahara. Masu irin waɗannan masaukai har talla suke yi cewa sun yarda a zo da kare ko kyanwa, sai dai da sharaɗi: igiyar wuya kada ta wuce ƙafa shida, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe kashinsa a leda. Ban raina musu ba, tsabta ce da tsari. Amma can alfarma ake yi wa dabba, a bar ta ta raɓu da ubangidanta. A Butana mutum ne ke raɓuwa da dabba. Taguwa ce ke zaɓen inda za a kwana. In ciyawar wuri ba ta yi mata ba, ko ka gama kafa tanti sai ka tuge.

Motar zango kuwa mu ma muna da tamu, kuma ba na jin kunyar jera ta da ta kowa. Sifinja ke nan, tsohuwar Bedford ɗin Ingila da maƙeran Sudan suka sake wa halitta, suka ƙara mata tsawo da ƙarfin ƙashi har take ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. An daɗe da daina yin ta a can, a nan kuwa tana nan tana nishi tana tafe. Ka ga an ɗora mata gadajen angarib ƙafafu sama, da buhunan dawa, da durom na ruwa, da tabarmin kaba na ɗaki, da tsofaffi, da 'yan raguna sabbin haihuwa da ba za su iya takawa ba, can ƙololuwa kuma kaji a cikin akurki suna kallon duniya. In aka sauka, a ɗaure tampol daga gefenta zuwa sanda biyu, shi ke nan an yi zaure. 'Yan ƙabilar Rashaida sun fi son Toyota mai buɗaɗɗen baya, kuma ba abin da ke ba ni dariya irin ɗan raƙumi a durƙushe a bayan mota, an ɗaure shi, yana miƙa wuya yana duban masu tafiya a ƙasa.

Kowa yana nan. Ƙabilar Shukriyya su ne masu gida, su da Batahin. Ga Lahawiyyin da Kawahla da raƙumansu, ga Rufa'a da Kinana daga kudu, ga Fulani da jajayen shanu masu dogayen ƙaho, ga irinmu da muka biyo ayari da 'yan tumakinmu. Hakan bai zo da daɗin rai ga kowa ba. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, a 1971 kuma gwamnatin Numeiri ta rushe mulkin sarakunan gargajiya, makiyaya ta zama ta kowa. Har gobe dattawan Shukriyya suna ganin daga nan lalacewa ta faro, kuma in ka zauna da su ka ji hujjarsu, ba za ka ce ba su da gaskiya ba. Sai dai duk da wannan ƙorafin, ban taɓa tsayawa a bakin tantin wani a can an tambaye ni abin da ya kawo ni kafin a miƙo mini ƙwarya ba.

A cikin ƙwaryar nan madarar taguwa ce, da ɗuminta, kumfa na tashi. In an bar ta ta yi tsami a salka ta zama garis, sai ka sha ka ji har cikin kunne. Wanda bai saba ba dai ya sha kaɗan ranar farko, kada ya ce ban gaya masa ba.

Maraice shi ne lokacin da nake so. Rana na yin ja sai ka hango garke yana dawowa ta ko'ina, 'ya'yan raƙuma da aka tsare a zango suna kuka, iyaye na amsawa daga nesa. Yara su bi su da dabaibayi, a durƙusar da su a lanƙwashe ƙafar gaba a ɗaure. Wani dattijo da muka yi maƙwabtaka da shi yana da taguwa mai ƙazuwa a wuya. Kullum sai ya zauna gabanta da gwangwanin gatran, baƙin man nan mai warin hayaƙi, yana shafa mata da tsumma yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta ɗora masa leɓe a kafaɗa. Sai ya wanke hannu ya jawo kaskon gahawa. Ya soya 'ya'yan a kan garwashi har su yi baƙi su fara maiƙo, ya zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ya daka da citta a ɗan turmi, ya zuba a jabana, butar gahawa ta yumɓu, ya toshe bakinta da zaren kaba don tacewa. Na ce masa, "Baba, wannan taguwa ai ta fi wasu 'ya'yan samun gata." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ita ta shayar da 'ya'yan."

To, sai kare. A gari kare abin jifa ne, kowa ya sani. A Butana ma'aikaci ne mai daraja. Irin nasu siriri ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, in ya zabura bayan zomo sai dai ka ga ƙura. Ba mai sa masa igiya, ba mai ce masa kai. Yana da rabonsa na madara da ɗan tuwon asida, da dare kuma shi ke tsakanin garke da dila. Malamai ba su hana ba, don shari'a ta yarda da karen kiwo da na farauta da na gona, mu Malikawa kuma ba ma ɗaukar jikinsa da rai a matsayin najasa. Wani ɗan Hawata da muka tafi tare ya zo da karensa na gida, wanda bai taɓa ganin fili ba sai tsakar gida. Kwanan farko a ƙarƙashin mota ya wuni yana rawar jiki. Kafin mako ya zagayo shi ne a gaban tumaki, jela a sama. Abu ɗaya zan roƙi mai niyyar yin haka: a yi wa kare allurar ciwon hauka tun a gida, a kuma riƙa duba masa kaska a kunne da tsakanin yatsu. Karnukan zango kuma ba sa wasa da iyakarsu, don haka in za ka gaida maƙwabta, yi sallama daga nesa ka jira a fito.

Ba a kallon kalanda a can, taurari ake bi. Damina a rabe take zuwa manziloli na kwana 13, ban da Jabha mai 14: Dura'a ce ke buɗewa wajen 9 ga Yuli, sai Natra, sai Ɗarfa, sai Jabha, har a gangara zuwa Simak. Duk wanda ya zauna gaban malamin hisabi a ƙasar Hausa zai gane sunayen, abin da ya ba ni sha'awa shi ne jin su a bakin yaron da ke bin tumaki, yana gaya maka wace ce mai ruwan dare, wace ce mai cika tafki.

Kuma ƙasar waƙa ce. Nan ne gidan Hardallo, ɗan Ahmad Abu Sin, shugaban Shukriyya wanda kasuwar Gadarif ta daɗe tana amsa sunan gidansu. Hardallo ya rayu daga ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, ya yi suna da dogayen waƙoƙin da ke bin sawun barewa daga kwari zuwa kwari, yana ambaton kowane dutse da kowane tafki da sunansa. Har yau in dare ya yi za ka ji wani daga can cikin duhu ya ɗaga murya da dobet, baiti huɗu-huɗu, wani ya amsa daga wani zangon. Ko Larabcinka na kasuwa ne, tsigar jikinka sai ta tashi. Barewar dai ta yi wuyar gani yanzu, bindiga da mota sun gama da yawancinta.

Ruwan sha daga hafir ne, wato babban tafkin da aka haƙa don tare ruwan sama. Ana biyan kuɗi a kan kowane kai a mafi yawansu, kuma launin ruwan na shayi da madara ne, sai a tace a tafasa. Kada wani ya ɗauka sabuwar dabara ce. A yammacin Butana, a Musawwarat, akwai hafir na zamanin daular Meroe da faɗinsa ya kai wajen mita 250, kusa da gine-ginen dutse masu siffofin giwaye da zakoki. UNESCO ta sa wurin, tare da Naga'a da Meroe, cikin kayan tarihin duniya a 2011. Shekara dubu biyu ke nan mutane na tare ruwa a wannan ƙasa don dabba ta sha.

Aibu fa? Akwai, ba zan ɓoye ba. Kunama na son ɗumin bargo, shi ya sa angarib ya fi tabarma. In hadari ya sauke a kan laka, sifinja da kanta sai ta kwana biyu tana jiran ƙasa ta sha iska. Masu haƙar zinariya sun bar ramuka birjik a wasu wurare, ga guba a ruwan wankinsu, dole a sa ido kan dabba. Siha, ciyawar da tsofaffi ke cewa ita ce ke sa taguwa tozo, ta ja baya sosai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne burtali. Tun da noman tarakta ya faro a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 gonaki ke cin hanyar dabbobi, ga madatsar Khashm al-Girba ta 1964 da aikin noman Rahad na ƙarshen shekarun 1970 sun yanke manyan makiyayu. Yau akwai inda garke zai bi ta tsakanin gona da gona a matse, makiyayi na gaba da sanda, gabansa na faɗuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya taɓa yankin, garin Tambul mai babbar kasuwar raƙuma ya sha wuya ƙwarai a Oktoban 2024. Saboda haka ba a fita da ka. A tambayi waɗanda suka dawo, a bi ayari, a sauka kusa da mutane.

Duk da haka, in an ce in ba da maki, ba zan rage ko ɗaya ba. Wanda ke son ya ga wurin a kan ganiyarsa ya nufi Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da ciyawa ta kai gwiwa, madara ta yi yawa har ana rasa mazubi, ƙauyen Subag kuma ya cika da masu saye da sayarwa. Ya riƙe gidan sauro, da sukari da ganyen shayi fiye da bukatarsa, don su ne abin gaisuwa a kowane tanti, da gishirin lasa na dabbobi, da igiya mai yawa. Zuwa Oktoba tafkuna sun fara ƙafewa, ayari ya juyo kudu a hankali, ana jan ƙafa don kada a riga masu girbi isa gona. A nan ne za a fara cinikin karan dawa da manoma, kuma ina ba mai tumaki shawara ya ƙulla nasa tun kafin ya tafi, don in ya bari sai ya dawo, masu raƙuma sun riga shi sun tsadar da shi.